Kafin cuta ta iso: yadda nake karanta sawun matafiya a lokacin annoba

Cuta ba ta da ƙafa. Mutum ne ke ɗaukar ta ya hau mota da ita, ya tsallaka iyaka da ita, ya kai ta gidan da ya fi ƙauna bai sani ba. Na daɗe ina aikin alƙaluma a ɗakin da ake tsara yaƙi da annoba, kuma tambayar da aka fi jefo mini da sassafe ita ce: "Ina za ta ɓulla gobe?" Rahoton asibiti ba ya amsa wannan tambaya, domin labarin jiya yake bayarwa, wanda aka kwantar yau ya kamu tun kwanakin baya. Abin da ke ɗan haska gaba shi ne sanin inda mutane suka fito, da inda suka nufa, da yawansu.

Kada ka buɗe kwamfuta sai ka san shawarar da za a yanke da abin da za ka samo. Na sha ganin an kwashe makonni ana zana taswira mai launi-launi, a ƙarshe babu wanda ya ɗaga ko da mota ɗaya saboda ita. Ka zauna da masu yanke shawara ka sa su faɗi damuwarsu da baki. A ce motocin gwaji uku ne a hannu, gundumomi kuwa ashirin, wace za a fara turawa? Dokar hana fita da aka kafa shekaranjiya, tana aiki kuwa? Idan an rufe kasuwanni da masana'antu, ina ma'aikatan za su koma? Kowace daga cikin waɗannan tambayoyi da irin bayanan da take buƙata, kuma idan ba ka bambance su ba sai ka tara abin da ba zai yi maka rana ba.

Mafi ƙarfin bayanan da na sani su ne na kamfanonin sadarwa. Duk lokacin da ka kira wani ko ka tura saƙo, kamfani na rubuta lokacin da kuma turken sadarwar da ya ɗauki kiran, don lissafin kuɗi. Idan layi ya yi kira yau a ƙarƙashin wannan turke, jibi kuma a ƙarƙashin wani mai nisan kilomita 200, to mai layin ya yi tafiya. Kyan wannan hanya shi ne ba sai da wayar zamani ba, ƙaramar waya ma tana barin sawu. A Haiti aka fara nuna amfaninta a fili. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, masu binciken da suka kafa Flowminder, ƙungiyar da ke nazarin zirga-zirgar jama'a daga bayanan waya, sun bi layuka miliyan 1.9 na kamfanin Digicel, suka ƙiyasta cewa kimanin mutum 630,000 sun bar Port-au-Prince cikin kwana 19. Da kwalara ta ɓarke a watan Oktoba na wannan shekara a yankin kogin Artibonite, sai suka yi amfani da wannan hanya suka nuna wa masu agaji inda mutanen yankin suka bazu. A Kenya ma, wani bincike da aka wallafa a 2012 ya bi layuka kusan miliyan 15 na tsawon shekara guda, ya nuna yadda matafiya ke ɗauko zazzaɓin cizon sauro daga kewayen Tafkin Victoria zuwa Nairobi.

Sai bayanan wayoyin zamani. A watan Afrilun 2020 Google ya fara sakin rahoton zirga-zirga kyauta, inda ya kasa wurare gida shida: shaguna da wuraren shaƙatawa, wuraren sayen abinci da magani, lambunan shan iska, tashoshi, wuraren aiki, da gidaje. Apple ya saki nasa bisa yawan masu neman kwatancen hanya, Facebook ma ya saki nasa. Sun taimaka, amma ka riƙe abu biyu: masu manyan wayoyi da kuɗin data kaɗai suke gani, sannan kyauta ce da mai ita zai iya janyewa. Apple ya daina a Afrilun 2022, Google ya daina a Oktobar 2022. Kada ka gina tsarinka gaba ɗaya a kan abin aro.

Akwai kuma lissafin fasinjojin jiragen sama, da na tikitin jirgin ƙasa, da ƙidayar jama'a wadda ke faɗin inda aka haifi mutum da inda yake zaune yanzu. Amma wadda na fi riƙewa da muhimmanci, ake kuma yawan raina ta, ita ce ta zuwa a tambayi mutane. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya tana ajiye ma'aikata a tashoshi da mashigai suna ƙirga masu wucewa, suna tambayar daga ina, zuwa ina, don me. Lokacin Ebola ta gabashin Kongo, daga Agustan 2018 zuwa Yunin 2020, an riƙa tara direbobi da 'yan kasuwa da shugabannin unguwa a shimfiɗa musu taswira su nuna hanyoyin da ake bi da wuraren da ake cunkoso. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Direban da ya shekara ashirin a hanya zai nuna maka ɓarauniyar hanyar da babu turken sadarwa ko ɗaya a kanta, kuma sau da yawa ta nan cutar ke bi.

Yanzu ga inda aka fi makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin Ebola ta Yammacin Afirka a 2014, an yi ta kiran a saki bayanan waya, amma ja-in-ja kan doka da izini ya cinye lokacin da aka fi buƙatar su. A Ghana kuwa, hukumar ƙididdiga ta ƙasa da Vodafone da Flowminder sun riga sun ƙulla yarjejeniya tun kafin korona, shi ya sa da aka kulle Accra da Kumasi ranar 30 ga Maris 2020, cikin 'yan kwanaki aka fitar da rahoton yadda zirga-zirga ta sauya. Don haka idan yau lafiya lau ake zaune, yau ce ranar zuwa wajen kamfanin sadarwa da hukumar da ke sa ido a kansa. Ka tabbata takardar ta faɗi abubuwa ƙarara: ɗanyen bayanai ba za su bar rumbun kamfanin ba, a can za a yi lissafin, jimilla kaɗai za a miƙo maka. Duk inda matafiya suka gaza wani adadi, a ce 15, a goge layin gaba ɗaya don kada a gane ko su wane ne. A rubuta sunan ofishin da zai karɓa, da abin da za a yi da shi, da ranar da za a daina.

Idan bayanan sun iso, aikinka na farko shi ne tebur guda: sunayen gundumomi a jere ta gefe, sunayensu kuma a jere ta sama, kowane gurbi na ɗauke da yawan waɗanda suka tashi daga wannan zuwa waccan a cikin mako. Kafin ka cike shi sai ka san "gidan" kowane layi. Yadda aka saba yi shi ne a duba inda layin ya yi kiransa na ƙarshe a kowace rana, a ɗauki wurin da ya fi maimaituwa cikin kwana bakwai. Idan wannan wuri ya sauya ya kuma daɗe a sabon, ƙaura ce. Idan an je an dawo, kai-komo ne. Ka raba su, domin ba irin haɗari ɗaya suke ɗauke da shi ba. Mai kai-komo kullum yana ɗinke garuruwa biyu su zama kamar gari ɗaya, mai ƙaura kuwa yana ƙara wa asibitin inda ya sauka nauyi na watanni.

Sannan ka zaɓi ma'auni, wato lokacin zaman lafiya da za ka riƙa gwada komai da shi. A nan ana zamewa ƙwarai. Google ya ɗauki makonni biyar, daga 3 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairun 2020, yana gwada Litinin da Litinin, Asabar da Asabar. Hakan daidai ne, sai dai a ƙasashen Turai lokacin tsananin sanyi ne, don haka da zafi ya shigo sai alƙaluman zuwa lambunan shan iska suka yi tashin gwauron zabi, wasu suka ɗauka karya doka ake yi, alhali yanayi ne ya sauya. Ka san kalandar wurin da kake aunawa: lokacin bukukuwa, hutun makarantu, girbi, damina. In da hali, ka gwada wannan wata da takwaransa na bara.

Daga nan sai ka haɗa teburin da alƙaluman masu cutar. Lissafin ba wuya: yawan matafiya daga inda cutar take, a ninka da kason masu ɗauke da ita a can. A ce a wani birni mutum ɗaya cikin 200 na ɗauke da ita. Wani gari mai nisa na karɓar mutum 4,000 daga birnin duk mako, kenan kusan masu cutar 20 ke sauka a can. Wani garin kuma yana dab da birnin amma mutum 200 kaɗai ke zuwa, kenan mutum ɗaya. Mai kallon taswira da ido zai ruga garin kusa, tebur kuwa zai ce masa ya fara da na nesa. Haka aka gani a Chaina: bayanan kamfanin Baidu sun nuna cewa yawan masu korona a larduna a makonnin farko ya bi yawan waɗanda suka je can daga Wuhan. Magajin garin da kansa ya ce kimanin mutum miliyan 5 sun bar birnin kafin a rufe shi ranar 23 ga Janairun 2020, ana dab da bikin sabuwar shekararsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa rufewar ta jinkirta bazuwar cutar a cikin ƙasar da kwana 3 zuwa 5 ne kawai.

Wannan adadi na kwana 3 zuwa 5 yana tsaya mini a rai, domin shi ke nuna abin da jerin garuruwan da ka fitar daga teburin ya dace da shi. Galibi lokacin da ka ga kwararar mutane a tebur, sun riga sun isa. Toshe hanya a bayansu ba ya dawo da su. Abin da jerin zai yi maka shi ne ya sa ka riga cutar isa: ka tura kayan gwaji da na kariya, ka sanar da asibitocin garin su sa ido kan alamomi, ka ƙara gadaje, ka sa gidajen rediyo su yi bayani da harshen da mutanen wurin ke ji. A duk zaman da na shiga, sai an sami mai cewa a rufe hanyar. Ina amsa masa da tambaya: in an rufe, ta ina za su bi? Domin za su bi ta wani wuri, kuma wurin ba ma'aikacin lafiya ko ɗaya.

Akwai abin da ya kamata ka faɗa wa shugabanni tun kafin su hau mumbari, shi ne sanarwar kulle ita kanta tana tayar da mutane. A daren 7 ga Maris 2020, labarin za a rufe yankin Lombardy na Italiya ya fita kafin a sa hannu, mutane suka cika tashoshin jirgin ƙasa na Milan suna neman komawa kudu. A Faransa, bayanan kamfanin Orange sun nuna sama da mutum miliyan ɗaya sun bar Paris da kewayenta a makon da aka shiga kulle. A Indiya, ranar 24 ga Maris aka sanar da kulle ƙasa baki ɗaya, aka ba mutane kimanin sa'a huɗu. 'Yan ci-rani da aikinsu ya tsaya, ba abinci ba kuɗin haya, suka kama hanyar ƙauyukansu da ƙafa, wasu ɗaruruwan kilomita, wasu suka mutu a hanya. Sai 1 ga Mayu aka fara ba su jiragen ƙasa na musamman. Har yau idan na tuna hotunan iyaye ɗauke da yara a kan titi, raina na ɓaci, domin abu ne da ana iya hangowa. Ƙidayar jama'a da teburin ƙaura na shekarun baya sun isa su gaya maka daga ina ma'aikatan birni suka fito. Kafin a sanar da komai, ka fitar da wannan jerin, ka ce: ga inda za su nufa, ga kimanin yawansu, a tanadi abin hawa da gwaji da wurin sauka, ko kuma a ba su abin da zai riƙe su inda suke.

Layin waya ba mutum ba ne, kada ka manta da wannan ko da rana ɗaya. Wani na da layi uku, wani gidan kuma waya ɗaya ce ta mutum takwas. Yara ƙanana da tsofaffi ba sa cikin lissafin, kuma a ƙasashe da dama mata sun fi maza rashin waya. A birni turke na rufe 'yan tituna, a karkara kuwa yana iya rufe kilomita da yawa, ta yadda mutum zai yi tafiyar yini bai fita daga ƙarƙashinsa ba. Wanda ya tsallaka iyaka ya sauya layi, ya ɓace daga teburinka ya bayyana a na wata ƙasa a matsayin sabon mutum. Kenan waɗanda suka fi fuskantar haɗari, 'yan gudun hijira da baƙin da ba su da takardu da matalauta, su ne suka fi dusashewa a alƙalumanka. Ka daidaita adadin layuka da ƙiyasin yawan jama'ar kowace gunduma, irin wanda WorldPop na Jami'ar Southampton ke fitarwa, sannan ka cike giɓin da ƙirgar tasha da tambayar baki.

Na taɓa kai rahoto cewa wata gunduma ta bi doka fiye da kowa, domin zirga-zirgarta ta faɗi ƙasa warwas cikin kwana biyu. Aka yaba, aka karkatar da ma'aikata zuwa wani wuri. Sai bayan kwana huɗu wata jami'ar lafiya ta can ta samu ta kira mu, ta ce turakun sadarwar yankin ne suka mutu saboda rashin wuta, mutane kuwa suna ta harkokinsu. Kwana huɗu a lokacin annoba ba ƙaramin abu ba ne, kuma nauyin kuskuren a wuyana yake. Tun daga ranar, kafin in duba motsin mutane sai na duba yawan turakun da ke aiki da jimillar kiran da aka yi, kuma duk sauyin da ya zo kwatsam ba na rubuta shi sai na ji muryar wani da ke wurin.

Wajen auna ko doka na aiki, bayanan na da amfani, amma da iyaka. A Saliyo, lokacin Ebola, kullen kwana uku na Maris 2015 ya rage tafiye-tafiyen da suka wuce kilomita 30 da kashi 76 cikin ɗari, na kusa kuwa ƙasa da haka sosai, kuma da aka ɗage sai komai ya koma yadda yake nan da nan. Ka kuma ba wa lissafi lokaci: a korona, sai bayan mako biyu zuwa uku raguwar fita ke bayyana a yawan masu kamuwa. Sannan yawan fita ba shi ne yawan cuɗanya ba. A farkon 2020 su biyun sun tafi tare, daga baya da takunkumin fuska da rigakafi suka shigo, sai alaƙar ta yi rauni. Wani bincike a Amurka da ya bi wayoyin mutum miliyan 98 a manyan birane 10 ya gano cewa 'yan wurare kaɗan masu cunkoso, irin gidajen cin abinci da wuraren motsa jiki, su ke haifar da mafi yawan kamuwa, kuma masu ƙaramin ƙarfi ba su iya rage fita kamar masu hali ba, domin aikinsu ba ya yiwuwa daga gida. Idan ka ga unguwa ba ta daina fita ba, ka fara tambayar me mutanenta ke ci kafin ka kira su masu taurin kai. Zaman gida ma ba kullum ne tsira ba: a Singafo, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka kamu a 2020 baƙin ma'aikata ne da ke kwana a cunkushe a ɗakunan kwanan leburori. A taswira ba sa motsi ko kaɗan.

Batun sirri kuwa, kada wani ya ruɗe ka da cewa an cire sunaye. Wani bincike na 2013 kan layuka miliyan 1.5 ya nuna cewa sanin wurare huɗu da lokutan da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa nake nacewa a kan jimilla. Amana kuma in ta zube da wuya a kwashe ta. A Singafo an ce wa jama'a manhajar TraceTogether ta bin diddigin cuta ce kaɗai, sai a Janairun 2021 aka bayyana cewa 'yan sanda na iya neman bayananta, har sai da aka yi sabuwar doka don taƙaita hakan. A Koriya ta Kudu, bayan ɓullar cutar a wuraren rawa na Itaewon a Mayun 2020, tsoron tonon asiri ya sa wasu suka ƙi zuwa gwaji sai da aka ba da damar yin sa ba tare da faɗin suna ba. Ka gina katanga tsakanin bayanan lafiya da jami'an shige da fice, ka kuma sa a sanar da hakan a fili, in ba haka ba baƙon da ba shi da takarda zai kashe wayarsa ya ɓoye zazzaɓinsa. Fotugal ta fahimci wannan a Maris 2020, ta ba baƙin da ke jiran takardun zama damar samun kulawar lafiya kamar mazauna ƙasa.

Ka kula da kalmomin rahotonka ma. Rubuta "hanyar da ke buƙatar ƙarin gwaji", kada ka rubuta "mutanen da ke kawo cuta". A Nuwamban 2021 masana a Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar da duniya nau'in Omicron, sakayyar da suka samu ita ce ƙasashe da dama suka hana jiragen yankin sauka. Daga baya aka gano nau'in a samfuran da aka ɗauka a Holan tun 19 da 23 ga watan, kafin sanarwar. Inda aka fara ganin cuta ba lallai nan ta fara ba, sau da yawa nan ne aka fi iya dubawa.

Rahoton kansa shafi ɗaya ya isa. Sunayen gundumomi biyar ko shida da suka fi buƙatar shiri a wannan mako, dalili a jimla guda, abin da kake ba da shawarar a tura, da ranar da aka ɗauki bayanan. A ƙasa ka rubuta su wa alƙaluman ba su gani ba. Ka aika wa jami'an gundumomin kai tsaye, kada ya tsaya a teburin babban ofis.

A ƙarshen kowane mako ina ɗauko jerin da na fitar makonni biyu da suka wuce, in ajiye shi kusa da rahoton asibitoci. Inda na ambata cutar kuma ta ɓulla, in duba ko kayan sun riga ta isa. Inda ta ɓulla ban ambata ba, in ɗauki waya in kira jami'in wurin in tambaye shi ta wace hanya mai cutar na farko ya shigo, da wane abin hawa, daga wace tasha. Sai in ƙara wannan hanya a teburin, in nemi a ajiye mai ƙirga a bakinta kafin Litinin.